Zoben da Ya Zo Teburin Talin

A hawa na bakwai na wani tsohon bene da ke titin Hill, a tsakiyar Los Angeles, akwai wani ɗaki mai ƙofa biyu da mutum uku ke aiki a ciki. Mai wurin shi ne Varbed Misak, dattijo mai gilashin duba dutse ɗaure a goshi tun safe har yamma. Duk benen Varbed ake ce masa, kamar yadda Armeniyawa ke kiran wanda ya ƙware har ya koyar da wasu. Sai Donya Chelo, 'yar Meziko, wadda ke goge kaya a inji, bakinta kuma ba ya hutawa ko injin na ƙara. Ta ukun ita ce Talin, mai ɗora duwatsu a kan zobba. Ita kam sai a wuni ba a ji muryarta ba.

Manyan shagunan nan masu kafet da fitilu, yawancinsu ba sa ɗora dutse da kansu. Su karɓi aiki da murmushi, su zuba shi a ambulan, su rubuta lamba da abin da ake so, mai kai-kawo ya ɗauko ya kawo irin wannan ɗakin. Ba a rubuta sunan mai kaya. Mai kaya kuma yana can yana zaton a bayan shagon ake yi masa.

Ranar Litinin da hantsi Talin ta buɗe wani ambulan da ya fito daga wani shago a Pasadena. Zoben zinariya ne da ba a ɗora masa komai ba, sai dutsen lu'ulu'u naɗe a 'yar farar takarda. A bayan ambulan an rubuta cewa a kwantar da dutsen ƙasa sosai, a zagaye shi da bakin zinariya, kada ya kama komai.

Ta ɗauki dutsen da hantsaki ta kai gilashi ido. Tsohon yanka ne, na zamanin da ake yi da hannu, mai zurfin ciki. Ta juya shi a hankali. Can kusa da gefe akwai wani ɗan baƙin ɗigo mai kama da ƙwayar riɗi.

Ta sake dubawa. Ta san wannan ɗigon.

Bara, ana gobe Ista, Digin Araksi ta cire zobenta a kicin ta miƙa mata. Digin Araksi ita ce mahaifiyar Sevag, saurayin Talin, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Ta ce tunda sana'arku ce, ki ɗan wanke min shi, uwata ce ta zo da shi daga Halab a ɗinke cikin bakin riga. Talin ta tafi da shi ta wanke, ta duba shi ciki da waje, har ta nuna wa Digin Araksi ɗigon. Tsohuwar ta ce ai ta daɗe da sanin sa, da shi take gane nata.

Talin ta ajiye hantsakin. Ta dubi Varbed, yana waya. Ta dubi Donya Chelo, ta ba ta baya. Sai ta sauke hannunta ƙarƙashin tebur ta zura zoben a yatsan hagu. Ya shiga kamar da ma can wurinsa ne.

Ta cire da sauri ta mayar cikin ambulan, ta ɗauko wani aikin. Amma bakinta ya ƙi rufuwa. Ta cije leɓe, ta sunkuyar da kai, murmushin dai sai da ya ɓullo ta gefe. Can kuma ta sake juya ambulan ɗin ta karanta bayansa. A kwantar da shi ƙasa sosai. Murmushin ya ragu.

Ita ta jawo wa kanta, ta sani. A gidan su Sevag in ana hira ba ta iya sa baki, sai in an taɓo maganar zobba. Nan ne kaɗai harshenta ke sakuwa. Ta ba su labarin amaryar da dutsenta ya yage mata mayafi a ƙofar coci, da matar da ta kawo nata, faratan da ke riƙe dutsen duk sun lanƙwashe don ta buga shi a ƙofar mota. Suna dariya, ita kuma tana jin daɗin ta sa mutane dariya, sai ta ƙara da cewa zobba masu tsayin nan wahala ce kawai. Sevag kuwa ba ya mantuwa da maganarta. Ya ɗauke ta ya adana.

Abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, duk sanda ta gama ɗora dutse a sama, a kan 'yan faratan zinariya guda huɗu, takan zura shi a yatsa ta matsa kusa da taga kafin ta miƙa a goge. Takan ga yadda haske ke shiga ta ƙarƙashinsa ya fito ta sama a wargaje. Zobban mata da yawa sun bi ta yatsanta haka, kowanne na ɗan lokaci.

"Ke 'yar nan, wa ya mutu ya bar miki gado?" in ji Donya Chelo, ta kashe injin. "Ɗazu kina murmushi ke kaɗai kamar wadda ta tsinci kuɗi, yanzu kuma fuska ta zama ta mai ciwon haƙori."

"Ba komai, Donya."

"Ba komai ne ya sa kike ɓoye ambulan a ƙarƙashin gwiwar hannu? Miƙo."

Talin ba ta iya musu ba. Ta miƙa, ta faɗa mata cikin raɗa. Donya Chelo ta dafe ƙirji, ta zauna a kujerar da ke kusa, ta fara dariyar da ba ta fitar da sauti, kafaɗunta kawai ke rawa. Da sautin ya fito kuwa sai da Varbed ya ajiye waya.

Ya zo ya sauke gilashinsa ya duba dutsen, ya dubi zoben, ya dubi Talin da kunnuwanta suka yi ja.

"Wato yaron nan," ya ce, "ya wuce benenmu, ya wuce duk shagunan titin nan, ya tuƙa mota har Pasadena don ya ɓoye miki."

"Haka ne, Varbed."

"Su kuma suka ɗauko suka kawo miki har tebur."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Donya Chelo na bubbuga masa baya. Da ya dawo daidai ya sumbaci Talin a ka, ya ce Allah ya sa albarka, 'yata. Sannan ya juya ambulan ɗin ya karanta, ya gyaɗa kai.

"Yaro mai hankali. A ƙasa. Ba ruwanki da kamun riga."

"A sama take so," in ji Donya Chelo.

"Donya, don Allah."

"Ƙarya na yi? Kina zaton ba ni da ido a ƙeya? Kullum sai kin kai na mutane taga kin yi musu rawa da hannu. Ki ɗora abinki a sama, in an tambaya ki ce kuskure ne."

Varbed ya girgiza kai. Ya ce a ɗakin nan abin da ambulan ya ce shi ake yi, ko na sarauniya ne ko na mai shara. In shago ya ce ƙasa aka kai masa sama, gobe wani bene zai kai aikinsa. Talin ta ce ta sani, ita ma ba ta ce za ta yi ba. Ya tsaya yana shafa gemu, yana kallon ta.

"Sai dai mai ɗora dutse tana da bakin magana," ya ce. "In ta ga dutse bai dace da abin da aka rubuta ba, takan aika a tambayi mai kaya. Dutsen nan yana da zurfi ko ba shi da shi?"

"Yana da shi, Varbed."

"To, ba ƙarya za mu yi ba."

Ya kira shagon ya ce mai aikinsa na ba da shawarar a ɗaga dutsen, don tsohon yanka ne, yana son haske ta gefe. Matar shagon ta ce za ta tambayi mai kaya. Talin ta koma aiki da sauƙin zuciya. A ganinta magana ta ƙare. Sevag mutum ne mai sauƙin kai, ko a gidan abinci aka kawo masa abin da bai ce ba, ci yake yi ya yi godiya.

Bayan azahar matar ta kira. Varbed ya buɗe sautin wayar don kowa ya ji.

"Ya ƙi, Varbed," in ji matar. "Ya ce in faɗa muku kalma da kalma. Wai budurwarsa mai ɗora dutse ce, babu kamarta a garin nan, kuma da bakinta ta ce masu tsayi wahala ce kawai. Wai mai aikinku ta yi abin da aka sa ta. In kuma ba ta iya ba, ta je ta koya a wurin budurwarsa."

Donya Chelo ta toshe baki da tsumman goge kaya. Varbed ya yi godiya da murya mai nauyi, ya kashe wayar, sannan ya kifa kai a tebur. Talin ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka. Babu kamarta a garin nan. Bai taɓa faɗa mata haka a gabanta ba.

Da yamma Sevag ya zo ɗaukar ta a motar aikinsa, wadda bututu da igiyoyin wuta ke ƙara a bayanta duk sanda ya taka birki. Ya yi sabon aski. Suka tsaya a wani gidan burodi a Glendale, ya sayo lahmajun mai zafi, siririyar gurasa mai niƙaƙƙen nama a kai, suka zauna a teburin waje. Ya matsa mata lemon tsami a kan nata, ya naɗe ya miƙa mata. Nasa kuwa sai juya shi yake yi a faranti.

"Ranar Asabar ba ki da wani abu, ko?" ya ce.

"Ka tambaye ni jiya."

"Na sani. Tabbatarwa nake yi." Ya ɗan yi tari. "Af, wani abokin aikina ne ya ba ni labari. Ya kai zobe a yi masa, ya faɗi yadda yake so dalla-dalla, sai ga waya wai mai ɗora dutse tana da shawara. Kin ji fa. Mutum da dutsensa."

Talin ta kafa wa farantinta ido. "Wane abokin?"

"Ba ki san shi ba. Sabo ne."

"Wataƙila ta ga wani abu a dutsen."

"Me za ta gani? Son jiki ne kawai. Ba ke kika ce ɗora farata ya fi sauri ba, zagaye baki ne ke cin lokaci? Irinsu ne ke ɓata muku suna. Mai taurin kai, ba ta san aikinta ba."

Talin ta ajiye lahmajun ɗin. Ta sha ruwa. Ta ce a hankali, "Ai ya danganta da dutsen, Sevag. Wani in ka kwantar da shi..."

"Ke dai kina da kirki, kowa sai kin kare shi," ya ce, ya kama hannunta yana shafa yatsun da magagari ya kankare. "Ni na faɗa wa abokin nawa, budurwata ta ce ƙasa, ƙasa ne. Ko ba haka ba?"

Yana kallon ta da fuskar yaron da ya haddace karatu yana jiran a yaba masa. Maganar ta zo mata har baki. Ta haɗiye ta.

"Haka ne," ta ce.

Washegari ta zo da wuri da niyyar ta gama da abin. Ta yanko siririn zinariya, ta lanƙwasa shi daidai da kewayen dutsen, ta zaunar da shi a kan zoben. Ta ɗora dutsen a ciki don ta ga yadda zai zauna, ba ta danne bakin ba tukuna. Aikin ya yi kyau, babu abin da wani zai kushe. Ta kai shi taga. Dutsen ya yi lumshe kamar idon mai jin barci. Wanda bai san shi a buɗe ba ba zai ce komai ba, amma ita ta san shi.

Ta ce a ranta ai ba komai ba ne. Mata nawa ne ke neman namijin da zai riƙe maganarsu haka? Ranar Asabar zai durƙusa, ta yi kamar ba ta taɓa ganin zoben ba, ta toshe baki, ta yi hawaye. Sai ta yi tunanin toshe bakin. Ta gwada shi a gaban gilashin taga, ta ga abin bai yi kama da ita ba ko kaɗan.

"Wasan kwaikwayo kike koya?" in ji Donya Chelo daga ƙofa, tana cire jaka. Ta zo ta leƙa dutsen, ta taɓe baki. "Bari in ba ki labari. Farkon aurenmu mijina ya sayo labule ruwan lemo, na ce kai, ya yi kyau, don kada ransa ya ɓaci. Yanzu kujeruna ruwan lemo, tukwanena ruwan lemo, motar da ya saya min ruwan lemo. In na mutu, ki zo ki duba akwatin gawata."

"Shi ya shirya komai, Donya. Ya yi aski. In na yi magana na rushe masa."

"Gashi ne, zai sake tsirowa."

Talin ta koma tebur ta zauna. Abin da ya rage kaɗan ne. In ta danna bakin zinariyar ya kwanta a kan dutsen, shi ke nan, an rufe. Ta ɗauki abin dannawar, ta ɗora a bakin, ta daɗe a haka. Sai ta ajiye, ta zaro dutsen ta mayar cikin takardarsa, ta cire bakin daga kan zoben, ta tashi ta tsaya a gaban teburin Varbed kamar 'yar makaranta.

"Varbed, a faɗa musu mai ɗora dutse ta ce ba za ta taɓa shi ba sai mai kaya ya zo da kansa."

Ya ɗaga gilashinsa ya dube ta da ido biyu. "Kin san sai an ba shi adireshin nan."

"Na sani."

"Kin san kuma shaguna ba sa son mai kaya ya san inda ake aikinsu."

"Shi ya sa na zo wurinka."

Ya yi ajiyar zuciya, ya ce shekarun da ta yi a ɗakin nan ba ta taɓa roƙon sa ko hutun rabin yini ba, ashe tara su take yi ta haɗa a guda. Ya ɗauki waya ya nemi mai shagon da kansa, suka koma harshensu na Armeniya. Ya faɗa masa gaskiyar magana daga farko. Talin na tsaye tana jin dariyar mutumin tana fitowa daga wayar kamar ana zuba tsakuwa a kwano.

Daga nan sai jira. Duk sanda ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara sai ta ɗago kai. Mai kawo kofi ne. Mai gyaran sikeli ne. Ta ɗora wani ɗan ƙaramin dutse a ɗan kunne, ta ga ta sa shi a karkace, ta cire. Tana ta tunanin fuskarsa. Sevag ba mai faɗa ba ne, da ma faɗan yake yi da ya fi mata sauƙi. In abu ya taɓa shi shiru yake yi, ya ce ba komai, ya tafi ya wanke mota.

Rana ta fara karkata ƙararrawa ta sake ƙara. A allon kyamara da ke saman ƙofa ta ga Sevag tsaye cikin kayan aiki, da 'yar takarda a hannu. Varbed ya danna ya buɗe masa ƙofar farko, sannan ta biyu.

Ya shigo ya gaida Varbed, ya gaida Donya Chelo. Talin ce ta ƙarshe da ya kalla. A gabanta ga zoben, ga dutsen mahaifiyarsa a kan farar takarda.

"Da suka turo min adireshin na ce kuskure ne," ya ce. "Na kira na ce wannan ai wurin aikin budurwata ne. Mutumin ya ce e, ya sani."

Donya Chelo ta ɗauki tsumma ta shiga goge injin da ba shi da datti.

"Tun yaushe?"

"Jiya da safe."

"Wato jiya, muna cin abinci..." Ya rufe ido. "Me na ce ma?"

"Ka ce mai taurin kai."

"Da me kuma?"

"Ba ta san aikinta ba."

"Da son jiki," in ji Donya Chelo, ba ta ko juyo ba.

Sevag ya jawo kujera ya zauna, ya dafe sabon askin da hannu biyu. Ya ce ya kama tebur a bakin teku, ya biya wani mai kiɗan goge zai zo ya tsaya a bayansu, ƙanwarsa kuma za ta ɓuya a bayan tukunyar fure da kyamara. Mahaifiyarsa ta yi wata guda tana riƙe bakinta, har ta daina ɗaukar wayar Talin don kada ya suɓuce mata. Muryarsa ta yi ƙasa. Ba fushi a ciki, kuma abin da Talin ke tsoro ke nan.

"Ka yi haƙuri," ta ce.

"Me ya sa ba ki kwantar da shi kawai kin yi shiru ba? Da ban taɓa sani ba."

"Na gwada. Ga bakin nan, har na yanka." Ta nuna masa. Ta san in ba ta faɗa yanzu ba, ba za ta taɓa faɗa ba. "Sevag, a sama nake son shi."

Ya ɗago kai. "Ke fa kika ce wahala ce."

"Wahala ce. Ina so."

"Mayafin amaryar nan fa? Da ƙofar mota?"

"Wanda ya ɗora musu ne bai iya ba. Ni kuma..." Ta dubi yatsunta. "Na mutane ne, ni ba ni da shi. Sai na riƙa faɗin laifinsu."

"To aikinki? Zai riƙa kama kaya."

"Ka taɓa ganin zobe a hannuna a teburin nan? Ba mai aiki da zobe a nan. A cire a rataye a wuya, a tashi a mayar."

Ya dubi hannun Donya Chelo, ya dubi na Varbed. Babu ko ɗaya. Ya daɗe yana kallon Talin kamar yau ya fara ganin ta. Sai gefen bakinsa ya fara motsi.

"Na tuƙa har Pasadena cikin cunkoso," ya ce. "Na biya kuɗin ajiye mota."

"Na gode."

"Na aike ki ki je ki koyi aiki a wurin kanki."

Dariyar ta ƙwace mata, shi ma ta ƙwace masa. Kafin ta tsaya ya miƙa hannu ya ɗauki zoben da babu komai a kansa, ya ture kujerar, ya durƙusa da gwiwa ɗaya a tsakanin teburinta da injin goge kaya. Ya ce jawabin da ya shirya yana aljihun kwat ɗinsa a gida, ba abin da ya tuna a ciki.

"Talin, za ki aure ni?"

Ba ta toshe baki ba. Ta ce, "E," da ƙaramar muryar nan tata, ta miƙa hannu. Donya Chelo ta ce ita ba ta ji ba, a sake. Talin ta sake, da ɗan ƙarfi.

"Madalla," in ji Varbed, yana share ido da bayan hannu. "Kai kuma kafin ka fita ka kakkaɓe gwiwar wandon nan a kan shimfiɗar can. Ƙurar ɗakin nan zinariya ce, ba a fita min da ita."

Sevag ya tashi ya kakkaɓe kamar yadda aka ce. Ya tambaya ko za a iya barin teburin bakin tekun yadda yake, tunda mai gogen ba ya mayar da abin da ya karɓa. Talin ta ce za ta zo, amma a faɗa wa ƙanwarsa ta fito daga bayan tukunya ta zauna ta ci abinci.

Sannan ta gutsuro ɗan kaki ta murza shi, ta manna a kan zoben da ke yatsanta, ta ɗora dutsen a kai da hantsaki. Ta ja Sevag zuwa taga. Ta ɗan matse kakin, dutsen ya tashi. Hasken yamma ya shiga ta ƙarƙashinsa, 'yan ɗigon launi suka watsu a rigar aikinsa.

"Ban taɓa ganin sa haka a hannun Mama ba," ya ce. "Ƙara."

Ta ƙara kaɗan.

"Ƙara mana. Tunda sama ne, a kai shi sama."

"A'a. Nan."

"Kin tabbata? Kada ki rage don ni."

"Fiye da haka farata ba za su riƙe ba. Ƙasa da haka kuma ba na so. Nan."

Ta koma tebur ta auna tsayin, ta yanko wayar zinariya don farata, ta ɗauki magagari. Sai ta ga bakin magagarin na karkarwa a hannunta. Ta riƙe wuyan hannunta da ɗaya hannun, bai daina ba. Varbed ya leƙo ta saman kafaɗarta, ya zare magagarin daga hannunta ya ajiye.

"Da wannan hannun ba za ki taɓa min dutsen mutane ba," ya ce. "Tashi ki tafi. Gobe kya ɗora."